Sarauniya Elizabet, Cinyar Talotalo da Baƙin da Ba a Gayyata Ba

Duk shekara, daga bazara zuwa kaka, ana kafa wasu garuruwan katako a bayan manyan biranen Amurka. A cikinsu akwai ganuwa da ƙofar gari, da rumfunan kasuwa, da filin da mahaya sanye da sulke da kwalkwali ke karo da masu a kan dawakai. Mutum zai sayi tikiti ya shiga, a gaishe shi da tsohon Turanci, ya ga wata mata cikin tufafin alfarma ana kiranta Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, ya sayi ƙatuwar cinyar talotalo mai ƙyafi yana tafe yana yaga. Wannan shi ne bikin tuna Zamanin Farfaɗowa, wato ƙarni na 15 da na 16 na Turai, lokacin da ilimi da zane da buga littattafai suka bunƙasa. Na jihar Texas kaɗai, wanda George Coulam ya kafa a 1974, yana karɓar mutane sama da rabin miliyan a kaka guda. Akwai na Minnesota tun 1971, akwai na Maryland tun 1977, ga wasu da dama manya da ƙanana. Ba'amurke da yawa bai taɓa buɗe littafi a kan ƙarni na 16 ba, abin da ya gani a irin wannan fili shi ne iyakar saninsa. Shi ya sa gardamar yadda za a gyara bikin ta wuce gardamar 'yan wasa.

Asalin abin ya fi yadda ya zama a yau daraja. A watan Mayun 1963 wata malamar makaranta, Phyllis Patterson, da mijinta Ron suka shirya na farko a Los Angeles domin tara wa gidan rediyon KPFK kuɗi. Cikin waɗanda suka taimaka akwai 'yan wasan Hollywood da aka hana aiki a shekarun farautar masu ra'ayin gurguzu, kamar yadda Rachel Lee Rubin ta nuna a littafin da ta rubuta kan tarihin bukukuwan a 2012. Manufar ita ce koyarwa ta hanyar wasa, da ba masu sana'ar hannu wurin sayar da abin da suka ƙera da kansu. Shekaru sittin bayan haka, jadawalin bikin Texas ya ƙunshi makon 'yan fashin teku, da makon aljanu, da makon jarumai da miyagu na fina-finai. Wanda ya kalli shirin da HBO ta yi a kansa a 2024 ya ga inda hankalin masu shi yake: rikicin wanda zai gaji kamfani.

Idan aka tashi maganar gyara, masu tsattsauran ra'ayin tarihi sukan fara da tufafi. A kori masu kunnuwan aljanu na roba, in ji su, a hana mai rigar zif shiga, a daina sayar da lemon kwalba. Wannan shawara ce ta wanda ya ga ɓaraka a katanga ya tsaya gyaran fenti. Baƙon da ya biya kuɗinsa ya zo da kunnen aljani bai cuci kowa ba, kuma babu yaron da zai koma gida yana zaton aljanu sun yi zamani da Shekisfiya. Ƙaryar da ke shiga kai ba tare da an ankara ba ita ce wadda masu bikin da kansu suke shiryawa: gari marar shekara, marar doka, marar talaka, wanda babu jirgin da ke shigowa tasharsa daga wata ƙasa, kuma duk mazaunansa farare ne Kiristoci da ba su san akwai sauran duniya ba. Irin wannan gari bai taɓa wanzuwa a Turai ta ƙarni na 16 ba. Abin takaicin kuma, gaskiyar da aka bari a waje ta fi wannan ƙirƙira daɗin kallo nesa ba kusa ba.

Gyara na farko shi ne a zaɓi shekara guda da gari guda, a riƙe su da gaske. Wasu bukukuwan sun riga sun yi rabin aikin. Na Bristol a jihar Wisconsin ya ce yana kwaikwayon ziyarar da Sarauniya Elizabet ta kai birnin Bristol na Ingila a 1574. To, madalla. Me shekarar 1574 ke bai wa mai shirya wasa? A watan Yunin shekarar aka fitar da sanarwar sarauta kan tufafi, wadda ta fayyace wanda ya isa ya sa siliki ko karan-miski ko zaren zinariya, gwargwadon muƙaminsa da abin da yake samu. Shekaru uku kafin nan, dokar 1571 ta tilasta wa duk namijin da ya haura shekara shida, in ba mai sarauta ko mai muƙami ba, ya sa hular ulu ƙirar Ingila ranar Lahadi da ranakun hutu, in ya ƙi a ci shi tarar sule uku da kwabo huɗu. Dokar 1563 ta ƙara Laraba cikin ranakun da ba a cin nama sai kifi, domin a raya masunta, waɗanda daga cikinsu ake samun matuƙan jiragen yaƙi. Dokar 1572 kuwa ta sa ɗan wasan kwaikwayon da ba shi da ubangida cikin jerin 'yan gararamba, hukuncinsa bulala da huda kunnen dama da ƙarfe mai zafi. A watan Mayun 1574 ne ƙungiyar James Burbage, wadda ke ƙarƙashin inuwar hakimin Leicester, ta samu takardar izinin sarauniya ta yin wasa a ko'ina cikin ƙasar.

Kowace ɗaya cikin waɗannan wasa ce a shirye. A ce dogari ya tare wani baƙo da ya yi shigar basarake ya nemi ya nuna hujjar cewa ya isa sa karan-miski. A ce an kama ɗan wasa a tsakiyar fage ana tambayarsa takardar ubangidansa, jama'a na ihu a sake shi. Wanda aka yi wa haka a gaban iyalinsa, ana dariya, ba zai manta cewa tufafi a wancan zamani doka ce ba. Allon bayani da aka kafe a gefen hanya ba zai taɓa yin wannan aiki ba, domin babu mai karanta shi.

Jamusawa sun nuna cewa riƙe shekara guda ba ya korar jama'a. A Landshut, duk bayan shekara huɗu, mazauna garin fiye da dubu biyu suna kwaikwayon ɗaurin aure guda ɗaya tak, na yariman Bavaria da gimbiyar Poland a 1475, kuma tun 1903 suke yi. Mai son shiga sahun 'yan wasa sai ya bar gashinsa ya yi tsawo tun watanni kafin lokaci, ya ajiye agogo da tabarau. Ƙa'idar tana kan mai wasa, ɗan kallo kuwa ya zo yadda ya ga dama. Haka ya kamata a raba nauyin a Amurka ma.

Sai kasuwa. Bukukuwan nan sun ari sunansu daga manyan kasuwannin shekara-shekara na Ingila, irin ta Bartholomew da ke Smithfield a Landan, wadda ta fara ci a 1133 ta kai har 1855, kuma a farkonta babbar kasuwar yadi ce. Irin waɗannan kasuwanni suna da kotunsu ta musamman, wadda sunanta ya samo asali daga Faransanci da ma'anar masu ƙura a ƙafa, wato fatake. Nan take take yanke hukunci kan tauye mudu, da bashi, da sayar da ruɓaɓɓen kaya, kafin baƙo ya kama hanya. Duk wanda ya san aikin sarkin kasuwa ya gane abin da ake nufi. Ta birnin Bristol ta daɗe da suna har sai da dokar 1971 ta soke ta. Abin mamaki ne a ce ana kwaikwayon kasuwar Ingila amma a bar wannan kotu, wadda za ta iya zama sau biyar a yini, kowane zama da sabon mai ƙara daga cikin 'yan kallo.

Rumfunan kuma sai an yi musu tankaɗe da rairaya. A wurare da yawa, takubban ado da sarƙoƙin da aka sayo da yawa daga masana'anta suna gefe da gefe da aikin maƙerin da ya kwana yana bugu, kuma kuɗin rumfa ɗaya suke biya. Ba sai an yi duba ba a san wanda zai fara naɗe tabarmarsa. Mafita mai sauƙi ce: tsakiyar gari ta zama ta wanda ke yin aikinsa a gaban jama'a, maƙeri da masaƙi da baduku da mai hura gilashi da mai buga littafi da injin katako, a rage musu kuɗin rumfa gwargwadon sa'o'in da suka yi suna nunawa. Mai kayan sari a ba shi wuri a bakin ƙofa, a rubuta abin da yake sayarwa a fili. Injin ɗab'i musamman bai kamata a rasa shi ba. Zamanin da ake tunawa ya tsaya ne a kan takarda da tawada fiye da yadda ya tsaya a kan mashi. William Caxton ya kafa injinsa a Westminster a 1476, kuma karon mashi a zamanin Elizabet ya riga ya zama wasan fada, bindiga ta karɓe filin daga.

Cinyar talotalo, a bar ta. Tsuntsun ya iso Ingila daga nahiyar Amurka tun farkon rabin ƙarni na 16, kuma ita ce ke biyan kuɗin wuta. A dai ajiye faten wake da burodin hatsi da kifin gishiri a kusa da ita, domin abin da yawancin mutane suka ci ke nan.

Babban giɓin yana wajen mutanen da ba a gayyata ba, kuma a nan ne uzurin masu bikin ya fi rauni. Sukan ce suna bin tarihi ne, Ingila ta Tudor ƙasar farare ce. Takardun Ingila da kansu sun ƙaryata su. Miranda Kaufmann, a binciken da ya zama littafinta na 2017, ta tattaro bayanan 'yan Afirka sama da 360 da suka zauna a Birtaniya tsakanin 1500 da 1640. Akwai John Blanke, mai busa kakaki a fadar Henry na Bakwai da na Takwas, wanda hotonsa da rawani yake cikin naɗaɗɗen zanen gasar mashi ta Westminster ta 1511; ya rubuta wa sarki takardar neman ƙarin albashi, aka ninka masa daga kwabo takwas zuwa sha shida a yini. Akwai Jacques Francis, gwanin nutso daga gaɓar Afirka ta Yamma, wanda ya yi aikin tsamo kaya daga jirgin yaƙin Mary Rose da ya nutse a 1545, ya kuma ba da shaida a kotun harkokin teku a 1548. Akwai Reasonable Blackman, masaƙin siliki a Southwark. Akwai Cattelena, wadda ta zauna a ƙauyen Almondsbury kusa da Bristol, ta rasu a 1625 ta bar saniya cikin gadonta. Maryland tana kwaikwayon zamanin Henry na Takwas, tana da filin karon mashi, tana da masu busa. Me ya fi sauƙi kamar a sa Blanke a kan dokinsa, da sunansa?

Ita kanta sarauniyar da ake zagayawa da ita a karaga ta fi masu kwaikwayonta sanin duniya. Bayan Fafaroma ya kore ta daga cocin Katolika a 1570, ta nemi abokai a ƙasashen Musulmi. Ta yi musayar wasiƙu da Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Uku daga 1579. Ta ba da izinin kafa kamfanin cinikin Maroko a 1585, Ingila na kai yadi da kayan yaƙi tana karɓo sukari da sinadarin yin albarushi. Wani matafiyi Bajamushe da ya gan ta a 1598 ya lura haƙoranta sun yi baƙi, ya danganta hakan da yawan shan sukarin Ingilawa. Tun 1552 jiragen Thomas Wyndham suka tashi daga mashigin Bristol zuwa gaɓar Maroko suka dawo da sukari da dabino. A 1600 jakadan Sarki Ahmad al-Mansur, Abdul Wahid bin Mas'ud, ya sauka a Landan da tawagarsa, ya yi wajen wata shida, aka gina masa rumfa ta musamman ya kalli gasar mashi ta ranar tuna hawan sarauniya. Hotonsa da rawani da takobi yana nan a hannun Jami'ar Birmingham. 'Yan shekaru kaɗan bayan tafiyarsa aka fara nuna wasan Othello.

Al-Mansur ɗin nan shi ne wanda rundunarsa ta karya Songhai a Tondibi a 1591, aka kuma kwashi malaman Tumbuktu, har da Ahmad Baba, zuwa Marrakesh. Zaren ya miƙe har ƙasar Hausa. A shekarar da jakadan ya iso, 1600, John Pory ya buga fassarar Turanci ta littafin Hasan al-Wazzan, mutumin Fas da 'yan fashin teku suka kama a 1518 suka miƙa wa Fafaroma Leo na Goma, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. An fara buga littafin a Venis a 1550. A cikinsa ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, har ya ambaci takalman Gobir da ake kai wa Tumbuktu da Gao. Ke nan mai sayar da littattafai a Landan a ƙarshen mulkin Elizabet yana da sunan Kano a kan kantarsa. Kanon da Muhammadu Rumfa ya mulka daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, ya karɓi baƙuncin al-Maghili, ta yi zamani ɗaya da Florence ta gidan Medici. Rumfar mai littattafai guda, da ɗan wasa guda da ya karanta abin da yake sayarwa, ta isa ta sanar da dubban mutane wannan a kaka ɗaya.

Abin da bukukuwan suke bayarwa a madadin haka shi ne mata masu rawar ciki da rumfar duba da ake wa laƙabi da sunan da 'yan ƙabilar Roma suka daɗe suna ƙi. Gabas ta zama kayan ado, ba ta da suna, ba ta da jakada, ba ta da ɗan kasuwar da zai yi ciniki ya ci riba. Baƙar fatar da ya nemi aikin wasa kuma sau da yawa sai ya zaɓa tsakanin zama ɗan fashin teku da zama aljani, alhali takardun fada sun tanadar masa mutane na gaske.

Za a ce wannan wasa ne na ƙarshen mako, a bar mutane su huta. Amma hoton Turai ta dā a matsayin tsibirin farare zalla yana da masu amfani da shi. Waɗanda suka yi zanga-zangar fifita farar fata a Charlottesville a 2017 sun fito da garkuwoyi masu tambarin zamanin jarumai, suna da'awar gadon da malaman tarihin zamanin suka fito fili suka ce ƙirƙira ne. Bikin Farfaɗowa bai haifi waɗannan mutane ba, kuma yawancin ma'aikatansa sun fi kowa ƙyamarsu. Sai dai idan wurin da ya fi kowane aji tara masu sauraro ya ci gaba da nuna gari irin wanda suke mafarki, to ya sauƙaƙa musu aiki ba da niyya ba.

Za a kuma ce buɗe ƙofar zai shigo da abubuwa marasa daɗi. Gaskiya ne. John Hawkins ya fara safarar bayi daga Afirka ta Yamma a 1562, kuma a tafiyarsa ta 1564 sarauniya ta ba shi aron jirginta. Wanda ya kawo jakadan Maroko dole ya yarda a ambaci Hawkins. Ba a ce a kafa kasuwar bayi kusa da mai sayar da giya ba. Da Colonial Williamsburg ta kwaikwayi gwanjon bayi a 1994, da ƙwararrun ma'aikata da shiri mai tsawo, sai da aka yi zanga-zanga a wurin. Fili mai cike da masu shaye-shaye bai dace da wannan ba. Amma matuƙin jirgi a mashaya yana iya faɗin inda ya je da abin da aka ɗauko, wani ya tanka masa, a bar ɗan kallo da abin da ya ji. Tsakanin gwanjo da yin gum akwai fili mai faɗi.

Duk wannan yana buƙatar 'yan wasan da suka yi karatu, kuma karatu lokaci ne da ya kamata a biya. A nan ne lamarin ya koma kan aljihun masu kamfani. Da yawa cikin masu wasan fage sun dogara ne da abin da aka jefa musu a hula bayan wasa, masu yawo cikin gari suna kwaikwayon mazauna kuma ladansu bai taka kara ya karya ba, wasu ma kyauta suke yi. Ma'aikatan da ke bin bukukuwan daga jiha zuwa jiha sai da suka kafa gidauniyarsu ta taimakon juna, RESCU, domin biyan kuɗin asibiti. Ba za a nemi wanda ke wannan hali ya ƙware a rayuwar Jacques Francis ko dokar 1572 a lokacin hutunsa ba. Bikin da ke sayar da tikiti dubu ɗari biyar yana iya ɗaukar malamin tarihi guda aiki na shekara, ya biya makonnin atisaye kafin a buɗe ƙofa, ya yanka wa kowane ɗan wasa albashin da bai dogara da hula ba. Henry na Takwas, duk da abin da aka san shi da shi, ya ninka wa mai kakakinsa albashi da aka roƙe shi, kuma da Blanke zai yi aure a 1512 ya aika masa da riga da hula.